Yadda Atu Ya Gasa Marafa

Atu maƙwabcina ne. Ban zaɓe shi ba, katanga ce ta haɗa mu a Tungar Marke, ƙauyenmu da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe. Ni baduku ne, ina ɗinkin takalma a zaurena. Shi kuma magini ne, in shi ka tambaya. In Sirajo mahauci ka tambaya, zai ba ka labarin rufewar hatsi da Atu ya gina masa. Ya shiga ciki yana ɗora laka, yana tsuke baki, yana waƙa, sai da ya gama ya ga bakin bai isa ya fitar da kafaɗunsa ba. Ya yini a ciki. Da igiya aka zura masa fura. Da la'asar aka fasa rufewar aka ciro shi, ya fito yana kakkaɓe riga yana cewa yanzu ya tabbatar ko ɓarawo ya shiga ba zai fita ba.

Bayan kaka Sarkin Magina ya rasu. Marafa, mai garinmu, ya ce zai naɗa sabo ranar da zai cika shekara talatin a kan gado, saura kwana arba'in. Kowa ya san Gazali za a ba. Gazali ba ya magana, katangarsa kuma ba ta faɗuwa. Atu kaɗai ne bai sani ba.

Ranar kasuwar Tambuwal ya dawo ya faɗo zaurena ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kawu, aje basillar nan ka saurara. Sarauta ta zo gida."

Na ce, "Wa ya mutu kuma?"

"Babu wanda ya mutu sai burin Gazali."

Ya zauna a kan fatata ya kwashe mini labari. Wai a teburin mai shayi na bakin tasha wani ma'aikacin sakatariya ya nuna masa abu a waya. Wani tsohon Bature ne, kafin ya sassaƙa surar sarkinsu da dutse, sai ya fara gina shi ɗan ƙarami da yumɓu, ya gasa, ya duba, ya sake wani, har sai kama ta fito. Sannan ya kama babban aiki. Da ya gama, sarkin ya rataya masa sarƙa ya ba shi gida.

Na ce, "Minti nawa kag gani?"

"Kusan fuɗu. Cajin wayar ya ƙare."

"Ai ka ƙware."

"Kai ma ka gani, Kawu! Zan gina gwajin Marafa da yumɓu, in gasa shi, in aje mashi ran biki. In ya gani ya yaba, sai in zuba babban da siminti a bakin gari, tsawon giginya. Duk motar da ta fito Kebbe sai ta tsaya. Gazali shi yi ta gina makewayi."

Batula matarsa tana jinmu ta bayan katanga. Ita maginiyar tukwane ce, uwarta ma haka, kakarta ma haka. Randarta har Tambuwal ake zuwa nema. Ta ɗaga murya.

"Malam, ka taɓa gina ko kasko?"

"Kasko aikin mata ne. Ni sarki zan gina."

"To. Ka san fuskar Marafa?"



Ga inda gizo ke saƙa. Marafa ba ya fitowa sai da rawani, amawali ya rufe masa baki da haɓa har gindin hanci. Tun da aka yi masa aikin ido a Sakkwato ya ƙara da baƙin tabarau. Mu kuma in mun je gaisuwa, takalmi muke cirewa, mu durƙusa, ido a ƙasa. Haka muka tarar, haka muke yi. Hotonsa na kalanda ma da ke rataye a shagon mai magani, in ka cire rawani da tabarau da amawali, abin da ya rage bai fi ɗan karan hanci ba.

Atu ya ce wannan ƙaramin abu ne. Mutumin da a da sai salla-salla yake zuwa fada ya koma zuwa kowace safiya. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa, sannan ya fara ɗaga kai a hankali kamar kunkuru. Marafa yana da dogari ɗaya, Ɗangiwa, ƙato ne mai tafin hannu kamar faifai. Da kan Atu ya taso, sai tafin ya sauka a kai.

"Gyara kintsi, magini! Nan ƙasa aka kallo."

Rana ta biyar Marafa da kansa ya ce, "Atu, lafiya kullum kana nan?"

"Lafiya lau, ranka shi daɗe. Ƙauna ce."

"Allah shi bar ƙauna."

Ya sake dabara. Ya sa Batula ta dama fura da nono mai kyau, ya ɗauka a sabuwar ƙwarya ya kai, a ganinsa dole a sauke amawali kafin a sha. Ya manta mai gari ba ya ci ba ya sha a gaban jama'a. Ɗangiwa ya karɓa da hannu biyu, ya ce Marafa ya gode, ya zagaya bayan zaure ya shanye. Sau uku ana haka. Ɗangiwa ya fara kumatu, yana ma tambayar Atu ko gobe za a sa kwakwa.

Ya tafi wajen wanzamin Marafa, shi ne kaɗai namijin da ke ganin fuskar nan kowace Juma'a. Ya kai masa goro.

"Don Allah kwatanta mani."

Wanzami ya ɓare goro ya ce, "Ido biyu, hanci a tsakiya, baki daga ƙasa."

"Bakin wane iri?"

"Irin wanda ka ce ma wanzami shi kama nashi."

Duk da haka Atu ya kama aiki. Ya kafa turmi a ƙofar gida, ya ɗora curin yumɓu, ya ɗaura tsumma a goshi don masu wucewa su san ana aiki. Kai na farko da ya gina, labari ya kai ga Liman. Liman ya zo da sandarsa.

"Atu, an ce mani kana gina mutum-mutumi. Ka san abin da anka ce ga surar abu mai rai."

"Allah gafarta Malam, ba gunki ba ne. Gwaji ne."

"Nuna mani."

Atu ya yaye tsumma. Liman ya duba ta gaba, ya zagaya ya duba ta baya, ya tambaya ina ne gaban. Aka nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga babu laifi. Ban san wani abu mai rai da shika kama da shi ba."

Mutane suka kwashe da dariya. Atu ya juyo ya ce musu, "Kun ji dai, Liman ya halatta." Liman ya ɗaga sanda ya ce bai gama ba: ranar da abin ya cika, da kai da jiki, za su sake magana, domin malamai sun ce in babu kai da sauƙi, in da kai da nauyi.

Kai na biyu ya fi na farko, don ya yi kama da mutum. Matsalar ita ce mutumin. Tukubar Sirajo tana fuskantar ƙofar Atu, yini guda kuma Atu yana ɗaga ido ba ya ganin kowa sai shi. Kan ya fito da faɗin hancin Sirajo, da kunnensa ɗaya da ya karkace, har da giɓinsa. Kafin azahar mutane sun fara tsayawa gaban turmi suna cewa, "Sirajo, a ba ni tsire na ɗari biyar, ban da kitse."

Sirajo ya tsallako da wuƙa a hannu.

"Kai Atu! Rufewata ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da kaina?"

"Wa ya ce kai ne? Marafa ne."

"Marafa na da giɓi?"

"Ka taɓa ganin bakinshi?"

Shi ma Sirajo bai taɓa gani ba. Ya duba kan ya ce, "Hancina bai kai hakan ba." Jama'a suka ce ya kai. Ya ɗauke kan ya yi gida da shi, ya ce ba zai bar kansa a hannun Atu ba.

Akwai abin da na gani a kwanakin nan ban ce komai ba. Wata rana da yamma, haushi ya ishi Atu, ya ɗebi yumɓun Batula wanda ta riga ta kwaɓa don randa, ya zauna yana murzawa wai don hannu ya saba. Abin da ya fito ƙafafu ne guda biyu, girman na mutum. Mako biyu yana durƙuso yana kallon abu ɗaya, hannunsa ya haddace shi. Ya jefa su inuwar bayan ɗaki ya manta. Ni na leƙa ta kan katanga na gan su, na kuma gane su. Shekara talatin ina ɗinka wa Marafa takalmi da ƙiyasi, don ba a kai igiyar awo ƙafar mai gari, kullum kuma sai an aiko mini cewa na hagu yana matsa shi.

Dabara ta ƙarshe ita ce madubi. Atu ya kwance madubin babur ɗinsa ya ɓoye a hannun riga. Ya ce tun da ƙasa aka ce a kalla, to ƙasar zai kalla. Ya durƙusa gaban Marafa, ya zaro madubi ya aje tsakanin gwiwoyinsa, yana gaisuwa yana karkata shi. Rana ta shigo ta ƙofar zaure ta faɗa kan madubin, haske ya tashi ya bi bango, ya bi rufi, ya sauka a kan tabaran Marafa.

Marafa ya ce, "Ɗangiwa, walƙiya aka yi da rani?"

Ɗangiwa ya sunkuyo ta kan Atu don ya ga mene ne. Abin da Atu ya gani ke nan cike da madubi: ƙofofin hanci biyu kamar bakin rijiya, da gashin baki. Ya ɗauka na Marafa ne, ya dace. Ko da aka fitar da shi da wuyan riga, murna yake yi. Ya kwana biyu yana gini. Da ya yaye tsumma, wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ja da baya ta ce, "A'uzubillahi, Ɗangiwa ya mutu?"

Ɗangiwa ya zo da kansa, ya tsaya ya kalli hancinsa ta ƙasa karo na farko a rayuwarsa. Ya ɗaga kan ya jefa a kwata, ya ce daga yau furar ma ba ya so.

Saura kwana tara biki. Na ce Atu zai haƙura. Sai ga shi da sassafe yana murmushi.

"Kawu, na gano inda Baturen ya kasa. Mi ya sa nika neman fuska? Marafa ai rawani ne. Rawani zan gina, da amawali, da tabarau. Wa zai ce bai yi kama ba?"

Batula ta ce ta bayan katanga, "Da ka faɗi hakan tun farko da furata tana nan."

Ya kuma ce gwajin mutum irinsa ba ya zama ƙarami, na Bature ne ke tsayawa a tafin hannu. Nasa girman mutum zai yi, a zaune. Yumɓun bakin rafinmu kuma ya ce na tukwanen mata ne, bai dace da sarauta ba. Ya hau babur har wajen Fakku, can ƙasar Kebbe, ya haƙo wani baƙin yumɓu mai danƙo. Sawu shida ya yi a kan hanyar nan. A sawu na huɗu buhu ya rinjaye shi ya faɗa gonar rogo, ya dawo rabinsa mutum rabinsa laka, yana cewa ya gwada ingancin yumɓun ne a jikinsa.

Ya kama gini a tsakar gida. Ya ɗauko ƙafafun nan na bayan ɗaki ya liƙa a gaba don kada ya sake wahala. Batula ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Malam, yumɓun ga danƙo gare shi. Ka daka tsingaro ka zuba, ka sa ƙaiƙayi."

"Fasassun tukwane da ƙaiƙayi a jikin Marafa? Ke, ki ji tsoron Allah."

"To ka rarake cikin. Abin da za a gasa ba a barinshi cunkus. Ka bar shi fanko kamar tulu, balle kan nan."

Atu ya miƙe tsaye. "Ku zo ku ji! Kawu, kana ji? Wai in bar kan Marafa fanko! In an tambaye ni mi ke cikin kan mai gari in ce babu komi, iska ce? Mutumin da ya yi shekara talatin shina shari'a?"

"To ko ɗan rami ka huda a ƙeya, tururi shi samu hanyar fita."

"In huda ƙeyar Marafa. Batula, gidan yari kika so in tsufa?"

"Kwana nawa za shi sha inuwa?"

"Biyar."

"Randata mako uku taka yi, ita da ba ta da kauri."

"Randarki talaka ce."

Batula ta juya ta ce, "Allah shi ba da sa'a," irin faɗin da ake yi wa wanda ya shiga rijiya da kansa.

Ya cika kan da yumɓu dam. Ya naɗa masa rawani hawa bakwai, kowane hawa ya fi cinyata kauri, da kunnuwa biyu a sama. Duk wanda ya leƙo ya ce rawanin ya yi kyau, sai Atu ya ƙara hawa ɗaya. Gaskiya ya yi kama da Marafa, kamar yadda zai yi kama da kowane mai rawani daga nan har Sakkwato.

Ana gobe biki aka zo fitar da shi, aka ga ƙofa ba ta isa ba. Sirajo ya riƙe ciki yana dariya har ya zauna a ƙasa, yana cewa, "Rufewa ta dawo!" Dole a fasa katanga. Babu wanda ya yarda Atu ya fasa, don katangar tawa ce rabi. Aka kira Gazali. Ya zo da sangwaminsa na haƙa, ya duba, ya cire daidai abin da ake bukata, ko ɓarɓashi bai faɗo gefena ba. Mutum takwas suka ɗora Marafan laka a amalanken shanu. Atu yana gaba yana kora mutane, "A ba sarki hanya!" Gazali ya ce gobe zai dawo ya mayar da katangar. Atu ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, in an naɗa shi ba zai manta da ƙananan magina ba.

Batula ta ce a kai shi matoyarta, can bayan gari inda take gasa tukwane, a yi abin a ɓoye. Atu ya ƙi. Ya ce a filin ƙofar fada za a gasa, ranar biki, Marafa ya fito daga toka ja wur a gaban baƙi. Ta ce to tukwanenta ba za su shiga wutar nan ba, ba su yi wa kowa laifi ba.

Ranar biki gari ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, baƙi sun zo daga Tambuwal da Kebbe, masu kalangu suna ta yi. Mata sun ɗora manyan tukwanen shinkafa a gefen fili. Marafa ya fito ya zauna a kan kujerarsa, Ɗangiwa a bayansa, Liman a dama. A tsakiyar fili ga aikin Atu, an lulluɓe shi da kara da itace da busasshen kashin shanu har ya fi ɗaki tsawo. Atu ya sa babbar rigarsa ta salla, ya taho da wata sabuwar hula wadda ya ce ta fi dacewa da naɗin rawani.

Ya durƙusa ya yi bayani. Marafa ya saurara har ƙarshe.

"Atu, in na fahimta, ni ne cikin karan can?"

"Gwajinka ne, ranka shi daɗe."

"Kuma wuta za ka sa mani."

"Don ka yi ƙarfi, ranka shi daɗe."

Marafa ya ce, "To, bismilla. Mu gani."

Sirajo ya ɗaga murya daga inda ya aje tiren tsirensa, "Atu, ka juya shi in gefe ɗaya ya yi, kak ka ƙona!"

Atu ya ƙyasta ashana. Wuta ta kama, ta tashi. Ya shiga zagaya ta yana yi wa kansa kirari, tun da babu maroƙin da ya yarda ya yi masa: shi ne Atu mai ba laka hankali, shi ne wanda Bature ya gani ya rufe waya. Na lura Batula ta tashi daga cikin mata ta koma can bayan bishiyar marke ta tsaya. Na ɗauki tabarmata na bi ta. Mutum ya san wanda zai bi.

Da farko sai wani ɗan sauti, ƙwas. Sai kuma ƙwas-ƙwas. Wani baƙo daga Tambuwal ya tambaya mene ne wannan. Atu ya ce rawani ne ke zama. Sai aka ji wani huci daga cikin wutar kamar tukunyar wake.

Sannan kan Marafa ya tashi.

Ƙarar ta kai har rugar Fulani ta bayan rafi, an ce shanu sun watse. Rawani hawa goma sha ɗaya ya rabu ya yi sama. Guntu ɗaya ya faɗa tukunyar shinkafa. Ɗaya ya huda rumfar baƙin Kebbe ya sauka a kan kujerar da mai ita ya riga ya bari. Kunnen rawani ya bi ta kan masu kalangu ya daki tiren Sirajo, tsire ya watse, karnukan gari suka yi salla. Ciki ma ya biyo baya, dam, dam, sau biyu. Kujeru suka kife. Manya masu babbar riga suka gwada gudun da suka manta suna da shi. Ɗangiwa, wanda aikinsa tsare Marafa ne, an same shi daga baya a ƙarƙashin amalanke. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo.

Marafa bai motsa daga kujerarsa ba. Dariya ce ta kama shi, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, yana dukan cinya, har amawali ya zame ya sauka ƙasan haɓa, tabarau ya faɗo a kan riga. Fuskar nan da Atu ya yi kwana arba'in yana nema ta fito fili, rana tsaka, daf da inda yake. Atu kuwa yana kife a ƙasa, ya rufe ƙeya da hannu biyu, hancinsa a bakin ƙafafun Marafa. Kafin ya ɗago, Marafa ya share hawaye ya mayar da komai wurinsa.

Aka bar wuta ta cinye kanta. Bayan azahar jama'a suka dawo, Batula ta ɗauki dogon sanda ta tona toka. Babu kai, babu ƙirji, babu ciki. Sai ga abu biyu a tsaye, ja wur, ko tsaga babu. Yumɓunta ne, ya kuma sha inuwa mako uku. Ta kwaso su da tsumma ta aje a gaban fada.

Jama'a suka matso. Ga babban yatsan hagu da ya hau kan na kusa da shi. Ga tabon nan na dunduniya. Ga farcen ƙaramin yatsa da ya rabu biyu. Tsohuwa mai daddawa ce ta fara magana.

"Wallahi Marafa ne!"

Sai kowa ya ɗauka. "Shi ne! Shi ne sak!" Wani dattijo ma har ya fara cire takalmi.

Marafa ya sa aka matso da su kusa da nasa. Ya dubi huɗun, ya dubi jama'a.

"Shekara talatin ina zaune gabanku, ashe ƙafafuna kunka sani."

Liman ya leƙa ya ce, "Babu kai. Ni ba ni da sauran magana."

Atu ya ga kamar iska ta juyo. Ya gyara hula ya matso da gwiwa. "Ranka shi daɗe, ka ga dai hannun. Wanga somin taɓi ne. In anka ba ni siminti buhu ɗari biyu..."

"Atu," in ji Marafa, "ka sa mani wuta, ka fasa mani kai gaban baƙi, ka zuba ni cikin shinkafa. Amma ba ka yi mani ƙarya ga ƙafa ba, don haka na yafe. Ina Gazali?"

Aka duba babu shi. Aka aika. Yana gidan Atu yana mayar da katanga, ƙarar ma da ya ji bai sauko daga tsani ba. Ya zo da laka har gwiwar hannu, a haka aka naɗa masa rawanin Sarkin Magina. Ya yi godiya da kalma uku, ya nemi izini ya koma, wai lakar za ta bushe.

Ƙafafun kuwa Marafa ya ce a ba ni. Suna zaurena yanzu. Batula ta ce in ƙara faɗin yatsa ɗaya a kan awo, domin yumɓu yana tsukewa a wuta. Na ƙara. Tun daga lokacin ba a sake aiko mini cewa na hagu yana matsi ba. Atu yana faɗa wa duk baƙon da ya tsaya cewa shi ya warkar da ƙafar Marafa.

Bayan kwana biyu ya shigo zaurena, ya zauna a kan fatata, ya rage murya.

"Kawu, an ce amawali ya zame."

"Ya zame."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Don girman Allah, bakin wane iri ne?"

"Irin na mutane."

Ya ce ba komai, ai ya riga ya gama daga idon sawu zuwa ƙasa, saura daga nan zuwa sama, a hankali zai bi. Washegari ya koma fada gaisuwa. Yana durƙusawa, Marafa ya ja bakin rigarsa ya rufe ƙafafunsa.